Yadda Ake Saukar da Jirgin Jairo Lafiya a Ranar Iska

Jirgin jairo yana da babbar farfela a samansa, wadda matuƙa ke kira rota, amma injin ba ya juya ta idan ana cikin tafiya. Iskar da ke ratsa ta daga ƙasa zuwa sama ce ke juya ta, shi kuwa injin aikinsa juya ƙaramar farfelar da ke tura jirgin gaba. A kan wannan tsari Juan de la Cierva ya ƙera irinsa na farko da ya tashi a Sifen a shekarar 1923, kuma a kansa jiragen yau na kamfanoni irin su Magni da AutoGyro da ELA suke. A sararin sama jirgin yana jure iska fiye da ƙananan jirage masu kafaffen fiffike, abin da ke sa sabon matuƙi ya saki jiki. Amma duk wanda ya saba karanta rahotannin hukumomin binciken haɗarin jirage, kamar AAIB ta Birtaniya ko NTSB ta Amurka, ya san labarin da ke yawan maimaituwa: jirgi ya taɓa ƙasa lafiya, bayan daƙiƙa kaɗan ya karkace ya kife a gefe, rota ta daki ƙasa ta tarwatse. Dalili shi ne rota ba ta daina ɗaga jirgi don tayoyi sun taɓa titi ba, tana nan da ƙarfinta har sai juyawarta ta ragu sosai. Wannan bayani taimako ne ga mai koyo a hannun malami, ba ya maye gurbin malamin.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne littafin jirginka wanda kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Ka fitar da lambobi uku daga ciki ka haddace su: gudun da ake gangarowa da shi, iyakar iskar gefe da aka yarda a sauka a cikinta, da adadin juyawar rota da aka yarda a sa mata birki. Jiragen zamani masu kujera biyu galibi suna gangarowa da gudun kilomita 90 zuwa 110 a awa, rota kuma tana juyawa sau 300 zuwa 400 a minti, amma lambar jirginka ita ce abin dogaro. Ka kuma sani cewa iyakar iskar gefe da ke cikin littafi gwanin matuƙi ne ya gwada ta, don haka taka iyakar ta kasance ƙasa da ita, kai da malaminka ku tsayar da ita tun kuna ƙasa.

Na biyu shi ne labarin iska. Kana buƙatar rediyo mai aiki don jin hasumiyar filin ko sanarwar yanayi, sannan idonka a kan jakar iska, wato doguwar jakar nan da ke rataye a kan sanda a gefen titi. Irin wadda aka saba kafawa a filayen jirage tana miƙewa sarai idan iska ta kai not 15 (not ma'aunin gudu ne na matuƙa), kimanin kilomita 28 a awa. Idan filin ba shi da jaka ko hasumiya, ka nemi hayaƙi, ƙura, tuta, kwanciyar dogayen ciyayi, ko fuskar tafki, inda ruwan gefen da iska ke fitowa yake kwance lumui.

Na uku, ma'aunin gudu da ma'aunin juyawar rota su kasance lafiya, sannan a manna ɗan zaren ulu a tsakiyar gilashin gaba. Zaren yana nuna ko jirgin yana fuskantar iskar da yake ratsawa ko yana tafiya a karkace. Ka duba iskar tayoyi da birki kafin tashi, domin taya ɗaya mai laushi tana jan jirgi gefe a daidai lokacin da ba ka so. Ka ɗauki man da zai ishe ka fasa sauka sau da dama, har ka tafi wani filin da titinsa ya fi fuskantar iska.

Abu na ƙarshe, wanda na fi nanata wa ɗalibai: ka san yadda aka haɗa tayar gaban jirginka. A jirage da yawa tayar gaba a haɗe take da fedojin da ke juya allon jela, wato allon da ke karkata hancin jirgi dama ko hagu, ta yadda idan ka taka fedar dama tayar ma ta juya dama. A wasu kuwa sake take, tana bin inda jirgi ya nufa. Ka zauna a ciki injin a kashe, wani ya danna jela ƙasa har tayar ta tashi, ka taka feda ya faɗa maka abin da ya gani.

Mataki na 1: Ka lissafa iskar gefe kafin ka shiga zagayen sauka

Lambar titi tana nuna inda ya fuskanta, titi na 27 yana kallon digiri 270. Ka cire wannan daga inda iska ke fitowa don ka sami kusurwar da ke tsakani. Idan kusurwar digiri 30 ce, rabin ƙarfin iskar ne ke bugun ka daga gefe. Idan 45 ce, kashi bakwai cikin goma ne. Daga 60 zuwa sama, ka ɗauka dukanta ce. Misali, an ce maka iska daga 300 take, not 16, tana fizga har 24, kai kuma za ka sauka a titi na 27. Kusurwa 30 ke nan, iskar gefe daga dama not 8, amma a lokacin fizga ta kai 12. Da 12 za ka yi hukunci, domin ba ka da ikon zaɓar daƙiƙar da fizgar za ta zo.

Daga nan ka ƙara rabin bambancin fizgar a kan gudun gangarowa. A misalin nan bambancin 8 ne, sai ka ƙara not 4. Kada ka wuce haka da yawa da sunan taka-tsantsan, domin gudun da ya yi yawa shi ke sa jirgi ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a kan titi iska tana wasa da shi.

Mataki na 2: Ka zaɓi wurin da za ka taɓa ƙasa

Ka dubi abin da ke gefen da iska ke fitowa. Rumfunan ajiye jirage da layin bishiyoyi da tudu suna hargitsa iska a bayansu, kuma hargitsin yana iya kai nisan ninki goma na tsayin abin ko fiye. Jirgin jairo ba ya buƙatar dogon titi, saboda haka babu dalilin nacewa a kan farkon titi idan nan ne rumfa ta kare iska. Ka wuce gaba zuwa inda fili yake a buɗe.

Idan iskar gefe ta kusa iyakarka kuma babu wani titin, akwai dabarar sauka a karkace, daga wannan gefen titi zuwa wancan, hanci ya ɗan juya wajen iska. A titi mai faɗin mita 45, karkatar digiri 15 tana ba ka tsawon kusan mita 170, kuma idan kusurwar iskar 30 ce ta koma 15, ƙarfin iskar gefe ya ragu da kusan rabi. Wannan sai da izinin hasumiya inda akwai ta, sai ka lura da fitilun bakin titi, kuma sai ka taɓa yi da malami. Idan titin siriri ne, ka tafi wani filin.

Mataki na 3: Zagaye da gangarowa

Lokacin da kake tafiya iska na bayanka, ƙasa za ta riƙa wucewa da sauri, zuciyarka ta ce maka gudu ya yi yawa. Kada ka ja sanda, wato sandar tuƙi da ke karkata rota, baya saboda abin da idonka ya gani a ƙasa, ka dubi ma'aunin gudu. Masu rage gudu a nan su ne ke shiga kwana da ƙarancin gudu, jirgi ya fara nutsewa ba su ankara ba. Ka yi kwanar shiga layin sauka kusa da titi fiye da yadda ka saba, domin da zarar ka fuskanci iska tafiyarka a kan ƙasa za ta ragu ƙwarai, kuma gangarowar za ta zama a tsaye fiye da ta ranar da babu iska.

A layin sauka ka bar hanci ya ɗan juya wajen iska yadda jirgin zai bi tsakiyar titi, zaren ulu yana tsaye a tsakiya. Ka riƙe ɗan totur, kada ka rufe shi gaba ɗaya. Allon jela yana samun yawancin ƙarfinsa daga iskar da farfelar baya ke hura masa, idan aka rufe totur kuma gudu ya ragu, feda tana yin sanyi a daidai inda kake buƙatarta. Ka kuma lura cewa duk lokacin da ka ƙara totur ko ka rage, hanci yana ɗan kaucewa gefe, sai ka tare shi da ƙafa.

Kusa da ƙasa iska tana raguwa saboda gogayya da ƙasa. A mitoci na ƙarshe ma'aunin gudu yana iya faɗuwa farat ɗaya, jirgi ya nutse. Maganinsa totur ne nan take. Jan sanda baya a wannan hali yana ƙara rage gudu, ya kai ka inda ko cikakken ƙarfin injin ba zai tsayar da nutsewar ba, musamman a ranar zafi ko a fili mai tudu ko da fasinja mai nauyi.

Mataki na 4: Ka daidaita hanci da titi, ka tsayar da zamewa

Kafin ka fara ɗaga hanci, ka sauya daga tafiyar karkace zuwa miƙaƙƙiya. Ayyuka biyu ne daban, kuma dole kowace gaɓa ta san nata. Ƙafa ce ke daidaita hanci da layin titi. Hannu ne ke hana jirgi zamewa gefe, ta hanyar karkata sanda wajen da iska ke fitowa. Idan iska daga hagu take, sanda ta ɗan koma hagu, ƙafar dama ta taka. Zaren ulu zai kauce daga tsakiya yanzu, wannan daidai ne, ka daina kallonsa. Idonka ya koma can ƙarshen titi, domin mai kallon ƙasa a gaban hancinsa ba ya ganin zamewa sai ta yi nisa.

Idan feda ta kai ƙarshe kuma hanci bai daidaita ba, iskar ta fi ƙarfin jirgin, ka fasa sauka. Ga wanda bai saba ba, ya fi sauƙi ya yi wannan sauyi tun yana da ɗan tsayi, ya sami lokacin jin yawan sandar da ake buƙata, maimakon ya bari sai daf da ƙasa.

Mataki na 5: Ɗaga hanci da taɓa ƙasa

A tsayin mita uku zuwa biyar ka fara sassauta gangarowar a hankali, har jirgin ya miƙe kamar rabin mita a kan titi, sannan ka rage totur, ka riƙa jan sanda kaɗan-kaɗan yayin da gudu ke raguwa. A iska mai ƙarfi jan da ake buƙata bai kai na kullum ba. Wanda ya ja kamar yadda ya saba zai ga jirgi ya sake hawa sama mita biyu ko uku, gudu kuma ya ƙare. Idan haka ta faru, ko fizgar iska ta ɗaga ka, ka riƙe sanda inda take, ka ƙara totur don jirgi ya sauko a hankali, ko ka fasa saukar. Kada ka tura sanda gaba da ƙarfi. Turawar gaggawa tana sauke wa rota nauyi, juyawarta ta ragu, ikon sarrafa jirgin ya tafi, kuma kusa da ƙasa tana sa ka faɗa a kan tayar gaba, wadda ba a ƙera ta don ɗaukar wannan duka ba.

Tayar baya ta gefen iska ce za ta fara taɓawa, sannan ɗayar. Haka ake so, kada ka yi ƙoƙarin daidaita su. Sharaɗi biyu ne ba a sassautawa a wannan daƙiƙa: hanci yana kallon inda jirgi ke tafiya, kuma babu zamewa gefe. Jirgin jairo yana da tsawo, nauyin rota yana can sama a kan dogon ginshiƙi, tayoyinsa uku ne, saboda haka ɗan zamewa kaɗan ya isa ya sa taya ta kafe a ƙasa, sauran jikin ya bi ta kanta.

Mataki na 6: Tayar gaba

A nan ne haɗari ya fi yawa, kuma nan ya kamata mai koyo ya fi ɓata lokaci. Ka tuna ƙafarka tana kan feda don riƙe hanci. Idan tayar gaba a haɗe take da feda, to a karkace take a wannan lokaci. Ta taɓa titi a haka jirgi yana da sauran gudu, sai ya fizga gefe kamar an ja shi da igiya, matuƙi ya taka ɗaya fedar da ƙarfi don gyarawa, jirgi ya fizgo ya dawo, a karo na biyu ko na uku ya kife.

Hanyar kauce wa wannan ita ce ka riƙe tayar gaba a sama, tazarar tafin hannu daga titi, kana ƙara jan sanda a hankali, rota tana yi maka aikin birki, har gudun jirgi a ƙasa ya koma kamar na mai tafiya da ƙafa. Daf da tayar za ta sauka, ka daidaita fedoji su koma tsakiya. Ɗalibi yakan ji tsoron sakin feda, yana ganin hanci zai juya wajen iska, amma a wannan ɗan gudu tayar da ta sauka a miƙe ita ce za ta riƙe hancin. Ka saurari ƙarar da ke fitowa daga ƙasa: taya miƙaƙƙiya tana sauka shiru, karkatacciya kuwa tana yin ƙara ƙiii tare da girgiza a tafin ƙafarka. Sandar kuma ta ci gaba da karkata wajen iska, har ma ka ƙara karkatar yayin da gudu ke raguwa. Kada ka taɓa birkin taya da ƙarfi tayar gaba tana sama, zai buga ta ƙasa.

Mataki na 7: Ka tsaya cak, ka kwantar da rota

Kada ka juya don fita daga titi jirgi yana tafiya rota tana karkace baya. Ko da an ce maka wani jirgi yana bayanka, ka tsaya tukuna. Da zarar jirgin ya tsaya, ka tura sanda gaba a hankali har ƙarshe, ka ɗan karkata ta wajen iska, ka riƙe birkin taya. A ranar da babu iska jinkirin daƙiƙa biyu ba ya cutarwa. A iska mai ƙarfi kuwa rotar da aka bari a karkace baya tana iya jan jirgi da baya, ko ta ɗaga hanci har jela ta daki ƙasa, ko ta sake ɗaga shi sama ba ka shirya ba. Idan kuma ka juya gefe a haka, iska za ta shiga ƙarƙashin rota kamar yadda take shiga ƙarƙashin laima, ta ɗaga gefe ɗaya ta kifar da jirgin, alhali totur a rufe yake kuma gudunka bai kai na keke ba.

Yayin da juyawar rota ke raguwa, wani haɗarin yana shigowa. Fikafikan rota suna samun taurinsu daga saurin juyawa. Idan juyawa ta yi ƙasa kuma iska mai yawa tana ratsa su, fiffiken da ke tahowa gaba yana hawa sama sosai, mai komawa baya ya faɗi, har su kai ƙarshen inda aka ba su damar lilo. Alamarsa ita ce sanda ta fara bugun hannunka, ƙwas-ƙwas, sau biyu a kowane zagaye. Idan ka ji haka, sanda gaba har ƙarshe, totur a rufe, birkin taya a riƙe. Idan aka yi sakaci fiffiken yana saran jela ko farfelar baya. Don haka ka fuskanci iska gwargwadon iko, ka jira juyawar ta sauko inda littafi ya yarda, ka sa birkin rota, kada hannunka ya bar sanda har ta tsaya.

Wannan haɗarin ne kuma ke kama masu atisayen taɓa ƙasa su sake tashi. Bayan ka tura sanda gaba, rota tana rasa juyawa da sauri. Kafin ka buɗe totur don sake tashi ka dubi ma'aunin rota. Idan ta sauka ƙasa da lambar da littafi ya gindaya, ka tsaya ka sake juya ta da na'urar fara juyawa kamar sabon tashi.

Mataki na 8: Idan za ka fasa sauka

Ka yanke wa kanka sharuɗɗa tun kana sama: idan gudu ya sauka ƙasa da lambar da ka tsayar, idan ka bar tsakiyar titi, idan jirgi ya yi tsalle bayan taɓawa, ko feda ta ƙare, za ka tashi ba tare da shawara da zuciyarka ba. Ka buɗe totur gaba ɗaya cikin nutsuwa, ka tare kaucewar hanci da ƙafa da ɗan mirginawar da ƙarfin injin ke kawowa da sanda, ka bar jirgin ya miƙe kusa da ƙasa har gudun hawa ya cika, sannan ka hau. Mai jan sanda don ya nisanci ƙasa da wuri yakan rataye a sama ba gudu, iska ta tura shi gefe zuwa fitilu ko shinge. Amma idan tayoyi uku sun riga sun zauna, rota ta fara raguwa, jirgi kuma yana fizge-fizge, lokacin tashi ya wuce. Ka rufe totur, ka miƙar da feda, ka kwantar da rota, ka tsaya.

Mataki na 9: Tafiya zuwa wurin ajiya

Ka yi tafiya a hankali, sanda a gaba. Idan iska tana da ƙarfi ƙwarai, ya fi aminci ka tsayar da rota gaba ɗaya kafin ka motsa, ka daidaita ta da tsawon jirgi, fiffike ɗaya a gaba ɗaya a baya. Jirage masu rufaffen ɗaki, musamman masu kujeru gefe da gefe, suna da faɗin jiki da iska ke turawa, don haka ka rage gudu sosai kafin kowace kwana. Tsakanin rumfuna iska tana matsewa ta ƙara ƙarfi, ka sa ran fizga a bakin kowace kusurwa. Idan ka isa, ka juya hanci wajen iska, ka kashe injin, ka sa birkin taya, ka ɗaure fiffiken gaba da igiyarsa kafin ka bar fasinja ya zagaya kusa da jirgin.